Sanyar Inna da Kwalbar da Na Kawo daga Ingila

Shekarun baya can, tun tutarmu mai kore da fari tana sabuwa, na yi wani abu da har yau in na tuna sai na sunkuyar da kai, ko da ni kaɗai ne a ɗaki. Abin da ya tono mini shi, makon jiya wani cikin masu bibiyata a nan ya turo mini bidiyon wata masana'anta a ƙasar waje, inda ake rainon tsokar tsiro a cikin manyan tankunan ƙarfe ana tatsar magani. Ya rubuta a ƙasa: "Baba, ka ga inda duniya ta kai." Na yi dariya, don ni na san kakar waɗannan tankunan. Ta gilashi ce, kuma na yi mata bauta shekara uku.

Ni mutumin Illela ne, kuma ɗan fari ne wurin mahaifiyata. Yaran yanzu ba za su gane nauyin wannan maganar ba. A zamaninmu uwa tana kunyar ɗanta na fari. Ba ta faɗin sunansa, ba ta kallonsa ido da ido, ba ta yi masa magana kai tsaye in akwai yadda za ta kauce. Tun da aka yaye ni, ƙanwar mahaifina, Gwaggo, ta ɗauke ni, kuma katanga ɗaya ce tsakanin gidanta da namu. Ita ke yi mini faɗa, ita ke yi mini wasa. In Inna tana da magana da ni, sai ta fuskanci Gwaggo ta ce, "Ki hwaɗa ma yaron ga...", alhali ina tsugune gabanta ina ji. Mahaifina ya rasu ina firamare, haka muka ci gaba da zama mu uku.

Mutanen garinmu ba su kiran Inna da komai sai Mai Sanya. A gonar da ta gada wurin mahaifiyarta, kan hanyar Araba, akwai bishiyar sanya guda ɗaya, wadda masu magani ke yi wa kirari da uwar magunguna. Ba wata babbar bishiya ba ce, tsawonta bai fi ɗaki ba, jikinta fari-fari sumul. Da bazara takan yi fure ruwan shuni-shuni mai ƙamshi. Amma sirrinta a ƙasa yake. In aka kankare saiwarta, wani ƙamshi mai yaji kamar na man zafi zai bugi hancinka har idonka ya kawo ruwa. Inna takan daka ɓawon saiwar ta kwaɓa da man shanu, a shafa wa mai ciwon gwiwa ko ƙugu. Takan ƙulla kaɗan a tsumma mai ciwon kai ya shaƙa, manoma kuma su karɓi garin su barbaɗa a rumbu saboda ƙwari. Maganin sha kuwa ba ta bayarwa, ta ce sanya a ciki ba abin wasa ba ce. Ranar kasuwa tsakar gidanmu cika yake da tsofaffi daga Tozai da Darna, har da na hayin Ƙonni. Sauran sanyoyin yankin duk an tone su sun mutu, tata kaɗai ta rage, domin ita tana da doka.

Dokar kuwa ita ce, ba a tonon saiwa sai ruwa ya ɗauke ƙasa ta bushe. Saiwa ɗaya ake yanka a shekara, ta gefe, bana gabas baɗi yamma. A shafe bakin yankan da toka, a mayar da ƙasa a danne da ƙafa, a zuba ruwa ƙwarya guda, a watsa gero dintsi ɗaya a gindin don tsuntsaye. Uwar saiwa, wadda ta nutsa ƙasa tsaye, ba a ko kallonta. Ina yaro na sha riƙe wa Inna ƙwarya tana wannan aikin, saboda haka ba zan ce ban sani ba.

Bayan na gama sakandare na ɗan taɓa aiki a ma'aikatar gona, sai gwamnatin Jihar Arewa ta tura mu karatu Ingila, jim kaɗan bayan samun mulkin kai. Lokacin kowane ɗan boko ji yake shi zai ɗauki ƙasar nan a ka ya kai ta gaba. Ni nawa ɗokin ya fi na kowa. Aka haɗa ni da wani dattijon Bature mai lofe, wanda aikinsa rainon tsiro a kwalba. Yadda ake yi, a yanko ɗan mitsitsin tsoka daga saiwa ko kara, a wanke shi da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a ɗora shi kan wani abinci mai daskarewa kamar kamu, wanda aka haɗa da sukari da gishirin ma'adinai da ruwan kwakwa. Bayan makonni sai tsokar ta kumbura ta zama wani farin curi, ba saiwa ba ganye. Daga nan a farfasa curin a zuba shi cikin ruwan abinci a wani ƙaton tulun gilashi, a riƙa hura masa iska ta bututu yana ɓulɓula dare da rana. Tsokar ta yi ta hayayyafa har ruwan ya yi kauri kamar kunun tsaki. Burin shi ne a tace wannan kunun a fitar da maganin da tsiron ke yi, ba tare da an je daji an sari ko reshe ba.

Ranar da na fara ganin tulun nan yana ɓulɓula, sanyar Inna ce ta faɗo mini a rai. Na cika wa malamina baki, na ce a garinmu akwai bishiyar da ta fi duk abin da ke cikin kwalabensa. Ya ce in na je hutu in zo masa da saiwarta ɗanya. Ya ƙara da cewa saiwar da ta fito daga ƙasa akwai wuyar tsarkakewa, galibi fumfuna ke cinye ta kafin ta kama, don haka in zo da 'yar dama. Wannan "'yar dama" ita na riƙe, na yi ta juya ta a kaina har ta zama buhu.

Dogon hutunsu kuwa da damina yake faɗowa. Na sauka Illela cikin kwat da laktaye, gero ya kai ƙugu, ina tafe ina tsallake taɓo kamar wanda bai taɓa ganinsa ba. Gwaggo na hango ni ta rangaɗa guɗa ta ce, "Ga Anasarana ya taho! Wa yas shaƙe ma wuya haka, ɗan nan?" Kwana biyu ina ba su labarin Turai, rana ta uku na kawo maganar da ta kawo ni. Muna tsakar gida, Inna tana tankaɗe ta ba ni gefe, Gwaggo tana kaɗi. Na yi musu lacca sosai. Na ce zamanin tonon ƙasa ya wuce. Na ce in na sa sanya a tulun gilashi, abin da Inna ke samu a shekara zan samu a mako, har a kai Sakkwato da Kano, kuma ba za a sake kashe wata bishiya don magani ba. Ku ji fa, wai ni ne mai ceton bishiyoyi.

Inna ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da tankaɗenta har na fara tsarguwa, sannan ta ce, "Ki hwaɗa ma yaron ga, yanzu damana ta. Ba a taɓa ta da damana."

Na ce, "Gwaggo, ki gaya mata jirgi ba ya jiran kaka. Wannan ba camfi ba ne, kimiyya ce."

Gwaggo ta harare ni ta ce, "Kai, ladabi dai. Kimiyyar taka ba ta da uwa?"

Inna ta ƙara zuba gari a rariya. Yanzu na san abin da ke ranta a lokacin. Da wani ɗanta ne ba ni ba, da tsawa ɗaya za ta daka masa a wuce wurin. Amma ni ɗan fari ne, ba ta iya ja-in-ja da ni, kuma tun da nake ban taɓa roƙonta komai ba sai ranar. Can ta karkaɗe rariya ta ce, "To, shi ɗebi guda. Ta gabas, ƙarama. Shi maida ƙasa. Kar shi kusanci uwar saiwa." Ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da ƙulli biyu a tsumma, ɗaya toka ɗaya gero, ta ajiye gaban Gwaggo, Gwaggo ta miƙo mini. Na jefa su aljihun kwat ina murmushin wanda ya yi nasara.

Ranar da zan tafi, da hantsi, na ari galma da gatari na nufi gona ni kaɗai. Ƙasa ta jiƙu, tono ba wuya. Na sami ta gabas na yanke, na ɗaga ta na duba, ba ta fi kaurin yatsana biyu ba. Sai maganar fumfuna ta dawo mini. Na ce a raina, in wannan ta ruɓe a hanya fa, in shiga gaban Bature hannu rabbana bayan duk cika bakin da na yi? Na ƙara ta kudu. Na ƙara ta yamma. Ƙamshin ya cika gonar, idona na hawaye, ni kuwa kamar ana zuga ni. Da ramin ya yi zurfi sai ga uwar saiwa, kauri kamar cinyata. Na tsaya na dube ta, wallahi na tuna maganar Inna sarai, ba mantuwa na yi ba. Na ce wa kaina ai a nan ƙarfin maganin zai fi taruwa, kuma nan da shekara biyu wa zai buƙaci bishiyar? Ban sare ta duka ba, na dai ɓantare fiye da rabinta. Hadari ya taso daga gabas, motar Sakkwato kuma ba ta jira. Na tura ƙasa sama-sama da ƙafa, na cusa saiwoyin a jiƙaƙƙen buhu, na saɓa a kafaɗa.

Da na shiga gida yin sallama, ƙamshin ya riga ni shiga. Inna tana bakin murhu. Ta dubi buhun, ba ni ba, ta daɗe tana dubansa. Gwaggo ta buɗe baki za ta yi magana, Inna ta ɗan ɗaga mata hannu. Abin da ta ce kawai, tana fuskantar bango, "Allah shi kiyaye hanya. Allah shi ba da abin da anka tahi nema." Ni da wautata na ɗauka an sa mini albarka ne an gama.

Sai da na isa Ingila, ina rataye kwat, na ji abu a aljihu. Ƙullin toka da na gero ne, yadda aka ba ni su. Na jefa su a durowa na rufe.

Malamina ya ga buhu ya cire lofe daga baki, ya ce ai abin da yake nufi bai fi cikin tafin hannu ba. Muka yanka ɗaruruwan 'yan tsoka muka jera a kwalabe. Kamar yadda ya faɗa, fumfuna ta bi su ɗaya bayan ɗaya, wata kore wata baƙa. Sauran saiwar da ba mu taɓa ba ta ruɓe a buhu, ni da hannuna na kai ta bola. Cikin kwalaben nan kaf guda ɗaya ta tsira, kuma abin haushi, daga 'yar ƙaramar saiwar gabas ɗin nan ta fito, wadda aka ba ni izini. Ta kumbura ta yi fari tas. Muka raba ta, ta ƙaru, muka sake rabawa. Bayan wata shida muka zuba ta a babban tulu, ta kama ɓulɓula tana kauri. Ranar har rawa na taka a ɗakin gwaji. Na zauna na rubuta wa Gwaggo doguwar wasiƙa, na ce a gaya wa Inna sanya ta kama a Ingila, ta kusa hutawa da zuwa gona. Gwaggo ba ta karatun boko, sai ta kai wa mai karanta wasiƙa a bakin kasuwa, shi kuwa muryarsa ba ta da maɓoya. Kafin la'asar duk Illela ta san ɗan Mai Sanya ya sa sanya a kwalba.

Ashe kallon kitse muke yi wa rogo. Ranar da muka tace kunun farko na kai hanci, ban ji komai ba. Wani ɗan wari-wari kawai kamar na jiƙaƙƙiyar dawa. Muka busar, muka niƙa, muka bi shi da duk gwajin da malamina ya sani, babu ko ɗigon abin da ke ba saiwar yajinta. Muka rage sukari, muka ƙara. Muka sa tulun a duhu, muka fito da shi haske. Na yi ta ƙoƙarin ko curin zai fitar da saiwa ko ganye in samu dashe, ya ƙi. Ci kawai yake yana ƙiba. Malamina bai damu ƙwarai ba, ya ce haka aikin yake, sau da yawa tsokar takan rayu a tulu amma ta daina yin maganin, kuma wannan ma sakamako ne, sai mu rubuta. Shi a wurinsa an ƙaru da ilimi. Ni kuwa tunanin ramin da na bari ban cike ba ya fara hana ni cin abinci. Wasiƙun Gwaggo suna zuwa, kowacce "kowa lafiya, Innarka na gaishe ka," babu wadda ta ambaci bishiya. Ni ma ban tambaya ba. Tsoron amsar nake yi.

Na gama karatu na dawo gida ana saura 'yan watanni soja su karɓi mulki. Duk da abin da ya faru, girman kai bai bar ni na dawo hannu wofi ba. Na ɗauko 'yar ƙaramar kwalba mai farin curin a ciki, na naɗe ta da auduga, na riƙo ta a jikina tun daga can. Na ce ko ba komai a ga dai na yi wani abu.

Washegarin saukata ranar kasuwa ce. Na lura tsakar gidanmu fayau, ba tsofaffin da na saba gani, amma na ce ko don sanyin safiya ne. Na tsuguna na ajiye kwalbar gaban Gwaggo, ta miƙa wa Inna. Inna ta goge hannu a zane, ta karɓa da hannu biyu, ta ɗaga ta saitin rana tana kallo. Ta cire toshiyar audugar ta kai hanci. Ta sake shaƙa. Sannan ta mayar da toshiyar a hankali ta ce, "Ki tambaye shi, abin ga ya taɓa jin ƙishirwa?"

Na ce a'a, cikin ruwa yake kwana yake tashi.

"Rana ta taɓa dukanai? Gara ta taɓa cizonai?"

Na ce ai ko ƙuda ba ya shiga inda yake.

Ta gyaɗa kai ta ce, "To da mi za shi yi yaji? Sanya don tsaron kanta taka yin shi, ba don mu ba. Shi ya sa aka jiran rani." Ba da gatse ta faɗa ba, yadda za ka gaya wa yaro wuta da zafi haka ta faɗa. Shekara da shekaru bayan haka na karanta a mujallun masana cewa in ana son tsoka a tulu ta yi magani, wani lokaci sai an takura mata, an sa mata abin da za ta ji kamar cuta ta kawo mata hari. Na rufe mujallar na yi tagumi.

Muna nan zaune sai aka yi sallama. Wata tsohuwa ce daga Tozai, an sauke ta daga kan jaki a ƙofar gida, ta shigo da sanda tana jan ƙafa, gwiwoyinta sun kumbura kamar ƙullun fura. Na san ta tun ina yaro. Ta zube kan tabarma ta ce, "Mai Sanya, na san kin ce babu, amma na ji ɗanki ya sauka, nic ce bari in jarraba sa'ata."

Inna ta ce, "Iya, ai na hwaɗa maki, iccen ya mutu. Gara ta cinye shi, ga tsuhwa. Kwana nai ya ƙare."

A nan na fara ji. Ashe bishiyar ta mutu. Tsohuwar ta juyo gare ni fuskarta cike da fata ta ce, "Ai shi ya sa nit taho. An ce kai Likita ka sa ta cikin kwalba tun ba ta mutu ba. Allah shi yi ma albarka, ɗana, kai ka hangen nesa. Ɗan shahwa mani ko kaɗan, kwana nika ban runtsa ba."

Ga kwalba a gaban Inna, ga tsohuwa ta miƙo gwiwa. Ina da baki, ina da Hausa, ina da damar in ce, Iya, ba gara ba ce, ni ne. Ban ce ba. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ba ta gama nuna ba tukuna, Iya, sai an ƙara bincike." Tsohuwar ta ce Allah ya nuna mana lokacin, ta yi ta sa mini albarka har na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Inna ta tashi ta ɗumama man shanu ta murza mata gwiwar da shi haka nan gaya, aka ɗora ta a jaki ta koma Tozai yadda ta zo. A duk abin da na yi, wannan ƙaryar ta fi tsaya mini a wuya, don lokacin da na tone saiwa ina iya cewa ƙuruciya ce, amma ranar nan da hankalina.

Da azahar Gwaggo ta ce in raka ta gona. Ba ta yi mini wasa ba ko sau ɗaya a hanya, abin da ban taɓa gani ba. Muka tarar da kututture busasshe, ga wasu gwafanni uku sun ruɓe a gefensa. Ta nuna su da sanda ta ce, "Ka ga waɗanga? Uwarka tak kahwa su. Kana hawa mota tat taho nan cikin ruwan sama, ta iske icce ya kwanta. Da hannunta tam maida ƙasa. Da rani yaz zaka, kullum sai ta ɗauko tulu tun daga rijiyar gari ta kawo mai, har wuyanta ya sanƙare. Da bazara yay yi hure kaɗan, munka yi murna, ashe na bankwana na." Ta ce Inna ta gwada sayen busasshiyar saiwa wurin fatake daga can gaba da Ƙonni, inda muke kira ƙasar Faransa, amma ta daina, ta ce ba za ta shafa wa mutane abin da ba ta san gindinsa ba. Na ce don me ba a rubuto mini ba? Gwaggo ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Na so in rubuta, har da zagi. Ita tah hana. Ta ce kar karatunai shi ɓaci. Kuma ta ce duk wanda yat tambaya, gara ta. Kai dai Anasara, garin neman gira ka rasa muna ido."

Da muka koma gida na wuce kai tsaye ƙofar ɗakin Inna, na cire takalmi na durƙusa. Na ce, "Inna, ki gafarce ni. Ni na kashe ta." Tana tsince wake a faifai. Hannunta ya tsaya kaɗan, sannan ya ci gaba. Ta ɗaga murya ta ce, "Ki hwaɗa ma yaron ga tuwonai na hucewa." Na sake gwadawa sau biyu a shekarun da suka biyo, kullum sai ta sami abin da ke hucewa ko abin da ke ƙonewa. Ban taɓa jin kalmar yafiya daga bakinta ba, ban kuma taɓa jin ta zargi ba. Da ta zage ni ko sau ɗaya ne, ina jin da na fi samun sauƙi.

Na yi aikin gona na gwamnati shekara talatin da wani abu. Duk inda aka tura ni sai na nemi irin sanya na shuka, amma bishiya ce mai taurin kai, irinta ba ya son tsirowa, dashenta ba ya son kamawa. Wadda ta kama mini a ƙarshe, a gonar nan ta hanyar Araba, Inna ba ta gan ta ba. Mutane kuwa sun ci gaba da kiranta Mai Sanya har ta koma ga Allah, shekara goma sha tara ba ta da sanyar.

Ba na zagin ilimin tulu, kada wani ya fahimce ni a karkace. Waɗanda suka yi haƙuri da shi sun ci nasara, ga shi har ana turo mini bidiyo, kuma na yi imani zai ceci bishiyoyi da yawa daga masu gatari irina. Laifin ba na tulun ba ne. An ba ni izinin saiwa ɗaya, kuma ita ɗin ce ta isa aikin. Sauran duk na ɗebo su ne don kada in ji kunya gaban Bature, ban damu da wadda zan bari da rami ba. Na kuma ɗauki kawaicin uwata a matsayin yarda, alhali na fi kowa sanin dalilin da ya sa ba za ta iya ce mini a'a ba.

Bayan rasuwarta da kwana bakwai, Gwaggo, wadda lokacin ta tsufa tukuf, ta sa aka fito da adudun Inna don a raba kayanta. Ƙarƙashin zannuwan da take ji da su aka sami wani ƙulli a farin ƙyalle. Gwaggo ta taɓa shi ta miƙo mini ta ce, "Wanga naka na." Na kwance. Kwalbata ce, curin cikinta ya bushe ya zama wani baƙin ɓawo a gindi. An ɗaure ta da zare tare da wani guntun saiwa da bai fi ɗan yatsa ba, na ƙarshen abin da ya rage daga bishiyarta. Gwaggo ta ce duk wanda ya zo daga nesa, in ba na nan, Inna takan fito da kwalbar ta nuna masa ta ce, "Aikin yaron ga na, daga Ingila."

Suna nan a durowata har yau, tare da ƙullin gero da na toka da ban yi amfani da su ba. Ɗazu kafin in fara wannan rubutun na ɗauko guntun saiwar na ɗan kankare shi da farce. Da sauran yajinsa, sai da idona ya kawo ruwa.